Na Dafa Miyar Inna, Yanzu Baba Yana Roƙona Gafarar da Ba Tawa Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna wannan zaure, iyaye da yayye da ƙanne. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan, wani lokaci har in sa baki da 'yar tawa shawara, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan zauna ina rubuto tawa matsalar ba. Don Allah shawararku nake roƙo, kuma ku yi haƙuri da tsawon labarin, in ban faro daga tushe ba ba za ku gane inda na maƙale ba.

Ni mace ce, na haura shekara hamsin, malamar firamare a Yelwa ta Yauri, saura kaɗan in yi ritaya, ina da miji da 'ya'ya har da jikoki. Mahaifiyata, Inna, ta rasu wata tara ke nan. Bayan sallar asuba ta ce kanta yana sara mata, kafin mu isa asibiti magana ta ɗauke, kwana biyu ta cika, ba ta bar mana ko kalma ɗaya ba. Mahaifina yana nan da ransa amma ya tsufa ƙwarai, kuma tun kafin rasuwar Inna ruɗewar tsufa ta fara kama shi, sai ya manta abin da ya ci da safe, amma ya lissafa miki garuruwan bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya tun daga Shanga har Wara bai tsallake ko guda ba. Bayan an yi arba'in na ɗauko shi na dawo da shi gidana, da yardar maigidana, Allah ya saka masa da alheri.

Baba direban jirgin ruwa ne a zamaninsa, irin babban jirgin katakon nan mai inji, yana ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu tsakanin Yelwa da Wara da ƙauyukan tsallake. Lokacin nan muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ba a yi Kebbi ba tukuna. Inna kuwa bandar kifi take yi a bayan gida, kullum murhunta da hayaƙi, zanenta da gashinta har mu 'ya'yanta duk ƙamshin kifin banda muke yi. 'Yar Wara ce, shi ya sa Baba bai taɓa kiranta da sunanta ba, Ta Wara yake ce mata. Mu uku ta haifa da suka rayu, Yaya Garba ne babba, sai ni, sai ƙanena Bashir da ke da tazara sosai da ni.

Akwai wata miya da Inna take yi, a gidanmu cushe muke ce mata, ban san ko wani gida yana da wannan suna ba. Hanjin rago ake samu, a juye shi a wanke da lemun tsami har sai ya yi fari, a yayyanka nama ƙanana da ɗan kitse, a haɗa da albasa mai yawa, kun san albasar Yauri, da citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa, a riƙa cusawa cikin hanjin da yatsa ana ɗaurewa gaɓa-gaɓa da zaren kaba. Sai a ɗan gasa a garwashi ya kama jikinsa. Daga nan a zuba a tukunyar ƙasa tare da wake da kabewa da daddawa da tattasai da kan busasshen kifi, a rufe, a tura tukunyar cikin toka mai zafi a gefen murhun banda. Ba ta tafasa da ƙarfi, sai dai ki ji tana ɗan motsi a hankali tun hantsi har la'asar, wake ya narke, kabewa ta ɓace cikin romo, cushen ya yi laushi har cokali ya yanka shi. Inna ta ce dalilin wannan miya shi ne mai jirgi ba shi da lokacin dawowa, ko yaushe ya sauka yana jin sanyin ruwa a ƙashinsa zai tarar da abu mai zafi yana jiransa. Ni ce mai wanke mata hanji da riƙe bakin zare, tun ina ƙyama har na saba.

Yaya Garba ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta hira da shi, in ya shigo ɗaki ma sai ta sami abin yi a waje. "Yaron nan" take ce masa. Amma ni da nake tsugune kusa da tukunya ina ganin gaɓar cushen da ta fi kowace girma a kwanon wa take faɗawa, ta rufe ta da wake don kada a lura. Shi ne ya koya mini karatun boko kafin a sa ni makaranta, shi ke raka ni bakin ruwa, in an doke ni a waje shi nake kira. Ya gama sakandare, takardarsa ta fito an ɗauke shi wata makaranta a Sakkwato, har an ɗinka masa kaya an sayi akwatin ƙarfe, saura 'yan makonni ya tafi.

Ranar da abin ya faru farkon damina ne, ina da shekara goma sha uku. Abokin aikin Baba bai da lafiya, Baba ya ce Yaya Garba ya bi shi ya kama masa. Inna ba mai musu ba ce, amma ranar na ji ta daga cikin ɗaki tana cewa gabas ba ta yi mata kyau ba, akwai alamar hadari, kuma yaron nan ya daɗe rabonsa da jirgi, a nemi wani. Baba ya yi dariya ya ce ɗan da aka haifa a bakin ruwa ba a koya masa ruwa, ta aza tukunya kawai za su dawo kafin la'asar. Ta aza. Ni na wanke hanjin da hannuna.

Bayan azahar hadari ya taso da iska irin wadda ke ɗage rufin kwano. La'asar ta yi ba su dawo ba, magariba ta yi shiru. Washegari labari ya iso cewa wani jirgi ya bugi kututturen itace, irin itatuwan nan da ruwa ya shanye tun da aka datse kogi aka yi dam suka tsaya a ƙarƙashi, ya kife a tsakiyar ruwa. Maza suka fita nema. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta ci abinci ba, abin da kawai take yi shi ne ta ƙara garwashi a gindin tukunyar nan, ta ɗan ƙara ruwa, ta mayar da murfi. Kwana uku tukunyar tana cikin toka ba ta bari ta huce ba. A rana ta uku aka kawo Baba, masunta ne suka tsince shi da wasu fasinjoji suka kai su wani ƙauye a tsallake. Shi kaɗai ya shigo gida. An sami gawar Yaya Garba a rana ta huɗu.

Abin da Baba ya gaya wa kowa, kuma abin da muka tashi da shi, shi ne tun da jirgin ya kife bai sake sa Garba a ido ba, ya nema ya nema bai gan shi ba. Mutane suka yi ta'aziyya, aka ce kwana ne ya ƙare. Inna saboda kunyar ɗan fari ko a zaman makoki ba ta yi kuka a gaban mutane ba, mata suna yaba mata haƙuri. Ni kaɗai na gan ta ta ɗauki tukunyar nan ta kai bayan gida ta juye miyar a rami ta rufe da ƙasa, ta kife tukunyar a gindin katanga. Daga ranar har ta koma ga Allah ba ta sake yin cushe ba. Da zan yi aure na roƙe ta ta tuna mini yadda ake haɗin, ta ce hannunta ya manta. Baba ma bai sake tambaya ba, ya sayar da abin da ya rage na jirgi ya koma noman albasa da shinkafa. Sun zauna lafiya shekara kusan arba'in, ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ban kuma taɓa ganin suna doguwar hira ba.

To yanzu ga abin da ya kawo ni. Da Baba ya dawo gidana sai ya daina cin abinci. Tuwo, shinkafa, kunu, fura, farfesun kifi, duk na gwada, ya yi loma biyu ya ture. Ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa. Mun kai shi asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, likita ya ce babu wata cuta a cikinsa, mu nemo duk abin da ransa yake so mu ba shi. Kullum kuma tambayarsa ɗaya ce, ina Ta Wara. Sau biyu ni da Bashir muka zaunar da shi muka gaya masa gaskiya cewa ta rasu. Duka biyun ya yi kuka kamar a lokacin aka yi mutuwar, yana tambaya me ya sa ba a kira shi ya yi mata salla ba, alhali shi ne a sahun gaba. Washegari ya manta ya sake tambaya. Daga nan na ce ni kam ba zan sake kashe masa mata sau na uku ba, in ya tambaya sai in ce tana nan, ko in ce ta shiga maƙwabta.

Wata rana yana zaune a tabarma a inuwa sai na ji ya ce, kamar mai magana da kansa, "Yau ko an aza cushe?" Shekara nawa rabon da in ji kalmar nan a bakin kowa. Na gaya wa babbar 'yata da ke aure a Kaduna, na bayyana mata yadda ake yi, ta yi dariya ta ce Mama ai wannan sosej ne, irin cushen naman Turawa, kuke yi tun da can ba ku sani ba. Na ce matsalar ni ba ni da murhun banda, ga makaranta, gas kuma yana ƙona wake kafin hanji ya yi laushi, na gwada sau ɗaya ya fashe ya zama dagwalo. Sai ta aiko mini da wata tukunyar lantarki, irin mai dafa abu a hankali, cikinta kamar tangaran mai kauri, murfinta gilashi, ta ce in sa ta a ƙaramar wuta in tafi aiki, ba ta cin wuta sosai, solarmu za ta riƙe ta.

Ranar Asabar na je wurin mahauta da sassafe na sayo hanji da nama. Wallahi 'yan uwa da na zauna na fara juye hanjin nan sai na ga hannuna yana yi da kansa, kamar jiya na bari. Zaren kaba ne kawai ban samu ba na sa farin zare. Na gasa a 'yar garwashi, na jera a tukunyar, na zuba wake da na jiƙa na ɗan tafasa, kabewa, daddawa, tattasai, kan kifin banda, na rufe na kunna. Wajen azahar ƙamshi ya cika gidan. Ni kaina sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka, don ƙamshin bayan gidanmu ne sak, har ina jin kamar zan ji tarin Inna. Da la'asar na zuba masa da tuwon shinkafa. Ya shinshina, ya yi bismilla, ya cinye tas har ya suɗe kwanon, ya ce a ƙara. Na yi ta hamdala, na kira Bashir a waya muna murna.

Daga ranar na mayar da shi abin yi, sau uku a mako, in haɗa tun da asuba in kunna in tafi makaranta, in dawo in tarar ta yi. Baba ya fara cikowa, har yana takawa zuwa masallacin ƙofar gida. Sai dai wani abu ya biyo baya da ban yi tsammani ba. Duk ranar da na kawo masa miyar nan ba ni yake gani ba, Inna yake gani. Dama an ce na fi kowa kama da ita, balle yanzu da na manyanta. Sai ya ce Ta Wara kin ƙara citta yau, Ta Wara zauna mana. Da farko ina gyara masa in ce Baba ni ce, sai ya dube ni ya rikice ya ajiye cokali. Don dai ya ci, na daina gyarawa. Ban taɓa ce masa ni ce ita ba, amma ban ce ba ni ba ce, in zauna nesa kaɗan in yi shiru har ya gama.

Mako uku da suka wuce, ranar wata Laraba, na dawo daga makaranta na zuba masa, gidan ba kowa sai mu biyu. Ya ci rabi sai ya tsaya yana kallon gaɓar cushe a cikin cokali. Ya ce wannan babbar ta yaron ce, a ajiye masa. Can sai ya ajiye cokalin ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba:

"Ta Wara, ƙarya na yi maki. Na gane shi."

Na ce, Baba, wa ka gani? Bai ma ji na ce Baba ba. Ya ci gaba da magana a hankali, tiryan-tiryan, babu ruɗewa ko kaɗan, kamar abin da ya daɗe yana maimaitawa a zuciyarsa. Ya ce da jirgin ya kife ya taso sama, ya hangi Garba yana riƙe da wani katako, igiyar kaya ta naɗe masa ƙafa, yana kiran Baba, Baba. A kusa da shi kuma, tsakaninsa da Garba, wata mata ce fasinja da goyo a bayanta tana nutsewa tana tasowa. Ya ce ya duba ya ga Garba namiji ne, ya iya ruwa, yana da abin riƙo, ita kuwa ba ta da komai. Sai ya ɗaga murya ya ce masa riƙe da kyau, ina zuwa. Ya ja matar da ɗanta ya kai su kan wani reshe da ya fito daga ruwa. Da ya juyo sai katakon kawai ya gani yana yawo. Ya yi ta nutso har ƙarfinsa ya ƙare.

"Ya kira ni, na ce mashi ina zuwa," in ji shi. "Kin ce kar in tahi da shi. Na kasa hwaɗa maki. Ki yahe mani, Ta Wara."

'Yan uwa ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Dattijo mai shekara kusan casa'in yana hawaye yana miƙo mini hannu biyu. Na tashi na shiga kicin na tsaya gaban tukunyar nan ina kallon raɓa tana gangarowa a murfin gilashi, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na fito ya yi barci a zaune. A ranar ne kuma na gane wani abu da ya daɗe yana ba mu mamaki muna yara, akwai wani mutum daga wajen Shanga da yake kawo mana buhun gero duk kaka, shekara da shekaru, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, Baba kuwa ko fuska ba ya sake masa, wani lokaci ma ya ce a ce ba ya nan. Ina kyautata zaton mijin matar nan ne.

Na ɗauka zai manta kamar yadda yake manta komai. Bai manta ba. Duk ranar da na kawo miyar sai ya ci kaɗan, ya dawo kan maganar, kalma ɗaya ba ta canzawa, ya ƙare da ki yahe mani. Na gwada daina dafawa kwana biyar, ya koma ture abinci kamar da, na tsorata na sake kunna tukunya. Na gwada aika jikata ko maigidana su kai masa, sai ya ƙi ci ya ce a kira masa mai miyar.

Na je Wara wurin ƙanwar Inna, muna ce mata Iya, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ban gaya mata komai ba, na dai tambaye ta ko Inna ta taɓa yi mata zancen ranar nan. Ta daɗe tana murza carbi, sannan ta ce sau ɗaya tak, shekaru bayan abin. Wai Inna ta ce mata mutumin da ya san ruwa kamar tafin hannunsa, ya fito da baƙi da ransu, a ce bai ga ɗansa ba, ita dai ba ta taɓa tambayarsa ba kuma ba za ta tambaya ba, don ba ta san abin da za ta yi da amsar ba. Na ce Iya to ta yafe ko ba ta yafe ba. Ta ce wannan sai dai in tambayi wanda ya karɓi ranta. Na dawo da nauyin da ya fi wanda na tafi da shi.

Bashir ya zo ranar Juma'a ya tarar Baba yana cikin roƙon, Allah ya sa ƙarshen kawai ya ji, bai ji labarin jirgin ba. Da muka keɓe na ce masa ina tunanin in ce na yafe kawai, ko hankalin tsohon nan ya kwanta. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce yafiya haƙƙin mai ita ce, ba wanda ya isa ya yafe a madadin mamaci, in na faɗa na yi wa Inna ƙarya tana kabarinta, na kuma yaudari Baba ya tafi lahira yana zaton an sauke masa abin da ba a sauke ba. Ya ce tun farko ni na jawo da na bar shi yana kirana da sunan matarsa, abin da ko a al'ada bai dace ba, kuma abin da ya kamata shi ne a riƙa gaya masa gaskiya a sa shi istigfari da yi mata addu'a. Na ce shi da yake zuwa sau ɗaya a mako yana da bakin faɗin haka, ni ce nake share hawayen, ni ce nake ganin kwano yana dawowa a cike. Muka yi musayar maganganu marasa daɗi, irin waɗanda ba mu taɓa yi ba tun tasowarmu, ya tafi ko sallama bai yi wa maigidana ba. Har yau gaisuwa ce kawai a waya. Ban gaya wa Bashir asalin abin da Baba yake neman gafara a kai ba, yana da shekara huɗu lokacin, bai ma tuna fuskar Yaya Garba sosai ba, kuma yana ganin Baba kamar waliyyi. Maigidana kaɗai na gaya wa, shi kuma ya ce a ganinsa Baba bai yi laifin komai ba, rai biyu ya ceta, in faɗa masa abin da zai sanyaya masa rai Allah ya san niyyata.

Akwai kuma abin da ban gaya wa ko maigidana ba, a nan kawai zan iya faɗa tunda ba ku san ni ba. Ni kaina ban san ko na yafe ba. Da hankalina na san abin da Baba ya yi ba mugunta ba ce, wataƙila ma lada gare shi, mace da jariri ne, kuma kwanan Yaya ne ya ƙare. Amma in na rufe ido sai in ji muryar yayana yana kiran Baba a tsakiyar ruwa, an ce masa ana zuwa, ya riƙe katako yana jira. Sai in tuna Inna tana ƙara garwashi kwana uku. Sai in ji haushin tsohon da nake wankewa nake ciyarwa, in yi ta istigfari ina jin kunyar kaina. Wani lokaci ina tsoron ba don Inna na kasa buɗe baki ba, don kaina ne.

Abin da ya sa na kasa ƙara jira har na rubuto shi ne abin da ya faru shekaranjiya. Na kawo masa miyar, ya faɗi maganarsa kamar kullum, na yi shiru kamar kullum. Sai wannan karon bai yi kuka ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya gyaɗa kai ya ce, "To. Na ji. Kina da gaskiya." Ya sa hannu ya tura kwanon gabana a hankali, ya juya ya kwanta yana fuskantar bango. Daga lokacin ruwa kawai yake karɓa da ɗan kunu in an matsa masa. Jiya na sake dafawa, ko kallon kwanon bai yi ba. Ashe shirun da nake yi ina ganin kamar na tsaya tsakiya ne, shi a wurinsa amsa ce, kuma da bakin Inna na ba shi ita.

Don Allah malamai da ke cikin zauren nan, da waɗanda suka yi jinyar tsofaffi masu irin wannan lalura, da duk wanda Allah ya ba fahimta, ku gaya mini. In na ce masa na yafe, yana jin muryar matarsa, na yi wa mahaifiyata ƙarya ne, akwai zunubi a kaina? In na ce masa Baba ni ce ɗiyarka, ni na yafe maka, alhali ba tawa yake nema ba kuma ban tabbata zuciyata ta kai can ba, zai amfane shi da wani abu? Ko in bi maganar Bashir in sake gaya masa ta rasu, ya san wadda yake roƙo ba za ta taɓa amsawa ba? Shi Bashir ɗin, haƙƙinsa ne ya san yadda yayansa ya rasu, ko in bar shi da uban da ya sani?

Kada ku ce in bari lokaci ya warware, likitan da ya duba shi jiya ya ce jikinsa ba zai ɗauki mako guda a haka ba. Ku taimake ni da abin da zan faɗa masa, kalma da kalma in da hali, don gobe in Allah ya kai mu ina so in shiga ɗakin nan in buɗe baki. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda suka rage.